Mai Aski da Raket ɗin Ƙwararru

Babana mai aski ne, kuma tun ina ƙarama nake jin ana cewa babu mai laushin hannu kamarsa a layinmu. Mutum zai zauna a kujerarsa da damuwarsa, kafin a gama gyara masa ƙeya ya fara gyangyaɗi. Shagon ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya mai juyawa, dogon madubi, bencin masu jira, sai kantar da yake jera almakashi da reza da injin aski. Da hannunsa na dama ya riƙe gidanmu, shi ya sa har yau in na tuna yadda ya so ya nakasa hannun nan saboda raket ɗin tanis, sai raina ya ɓaci sabo.

Bayan shagon akwai kulob ɗin wasanni, katanga ce kawai ta raba su. Masu buga tanis sukan zagayo su yi aski in sun tashi wasa. Tun yana saurayi wani daga cikinsu ya bar masa tsohuwar raket ta katako, ya fara dukan ƙwallo a jikin katanga in babu mai aski. Abu kamar wasa sai hannunsa ya faɗa. Ba don ubana ba ne, Baba ya iya tanis. Shekara da shekaru a fili na ɗaya yake bugawa, inda gwanaye suke, yana wahalar da samarin da ya haifi kamarsu. Can bayan kulob ɗin kuma akwai filin baya, inda tsofaffi suke miƙa wa juna ƙwallo suna hirar ciwon baya. Baba ko kallon wajen ba ya yi.

Wasan bai taɓa damunmu ba. Abin da ya addabe mu shi ne maganar raket. Mun ga zamanin katako, mun ga na ƙarfe, mun ga na alminiyom, har aka zo kan wannan baƙin abu da ake kira kabon. Kowace ta fito, sai Baba ya haddace tarihinta kamar zai rubuta jarrabawa. Zai aske wa mutum rabin kai, ya ajiye inji, ya zaro raket daga bayan madubi.

"Ɗaga ka ji," zai ce. "Ka ƙwanƙwasa nan. Ka ji ƙarar? Cikinta fa babu komai, amma ko ka hau kanta ba za ta lanƙwashe ba. Zare-zare ne aka jera aka gasa, irin wanda ake sa wa jirgin sama."

"To madalla. A ƙarasa mini kan nawa, ana jirana a wurin aiki."

A gida ma ba mu tsira ba. Ana cin abinci zai ɗauko zancen nauyin kai da nauyin mariƙi, da inda ya kamata ƙwallo ta sauka a kan zare. Umma takan bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Ni dai duk rariya ce mai mariƙi a wurina. Miƙo kwanonka."

Ya haura sittin lokacin da ya kawo wadda ta ja mana masifa. Siririya ce, kanta ƙarami, ga nauyi, ga tauri kamar taɓarya. A jikin kwalinta an rubuta cewa ta ƙwararru ce, kuma wannan kalmar ita ta gama da Baba. Ya kai ta wurin mai saƙa zaren raket na kulob, ya ce a ja zaren ya yi tauri iya tauri. Mutumin ya gaya masa cewa raket mai tauri da zare mai tauri duk jijjigar duka a hannu suke sauke ta, kuma samari masu jini a jika ake yi wa ita. Baba ya ce saƙa aka kawo masa ko koyar da tanis? Mai saƙa ya ja zare yadda Baba ya ce.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ina zuwa gida duk ƙarshen mako, kuma ni na fara lura. Na ga yana ɗaukar kofin shayi da hannu biyu. Na ga ya zo buɗe ƙofa ya murɗa mariƙi ya cije leɓe. Da na tambaye shi sai ya ce kwanciya ya yi a kan hannun. Umma ta harare shi ta ce, "Wata nawa kana kwanciya a kan hannu ɗaya?"

Da ƙyar da jan ido na kai shi asibiti. Likita ya danna gefen gwiwar hannun, Baba ya zabura har takalminsa ya fice. Likita ya ce jijiyar wurin ce ta kumbura, kuma ita ce dai yake amfani da ita wajen riƙe almakashi. Ya ce a huta da wasa, a riƙa zuwa asibiti gashin hannu. In ma za a koma, to da raket marar nauyi mai faɗin kai, zarenta sako-sako. In ba haka ba, wata rana ko cokali zai gagare shi.

Muna fitowa Baba ya ce, "Yaron nan bai san tanis ba."

"Baba, gwiwar hannu ya karanta, ba tanis ba."

"Shi ne na ce."

Na danne zuciyata na je na sayo irin wadda likita ya ce. Kyakkyawa ce, shuɗiya, ba ta fi nauyin ludayi ba. Na miƙa masa cikin ladabi. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya dube ni kamar na kawo masa sandar dogarawa.

"Uwata, wannan ai ta filin baya ce. So kike in shiga kulob da ita a ce mai aski ya ƙare?"

"So nake hannunka ya warke."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ya ajiye ta a gefe.

Da na koma shagon bayan mako biyu, sai na tarar da ita a maƙale jikin ƙusa, an shanya tawul a kanta. Da ita yake kakkaɓe ƙurar labule. Wallahi sai da na fita waje na sha iska kafin na iya gaishe shi.

Kada a ce bai yi komai a kan ciwon ba. Ya yi, irin nasa. Ya sayo wata sabuwar raket ta ƙwararru, wai an cusa mata wani abu a mariƙi mai shanye jijjiga. Ya sayo ɗan roba ya maƙala a zare. Ya sayo ɗamara ya ɗaure hannu. Duk abin da 'yan kasuwa suka ce yana maganin ciwon, Baba ya gwada, ban da abu ɗaya da likita ya ce. In na yi magana ya yi kunnen uwar shegu, in Umma ta yi ya ce mun haɗa baki. Da yamma ya je fili na ɗaya ya yi ta zabga ƙwallo, da safe ya tsaya gaban madubi yana matsa hannu kafin ya iya ɗaukar inji.

Ranar da abin ya faru ina shagon, na kai masa maganin shafawa. Mai gidan burodin layinmu ne a kujera, mutumin da tun ba a haife ni ba Baba ke masa aski. Baba yana rage masa gashin gefen kunne, sai na ga hannun ya karkata, almakashi ya kufce. Jini ya gangaro kan farin ƙyallen da aka yafa masa.

Yankan ba wani babba ba ne. Mai burodi ya danne kunnen da auduga yana dariya, yana cewa dama kunnen ya yi masa yawa. Amma Baba bai yi dariya ba. Tsayawa ya yi yana kallon hannunsa. Tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa fitar wa kowa da jini ba, kuma kowa a layin ya san haka. Masu jira biyu da ke kan benci suka tuna suna da uzuri.

Ni kuwa tsoro da haushi suka haɗu suka rufe mini ido. Ko jiran mai burodi ya yi nisa ban yi ba.

"Ka gani ko, Baba? Yau kunne ne, gobe sai ido. Wa kake so ka burge a filin nan? Kofi za su ba ka? Yaran da kake gasa da su, in hannunsu ya lalace iyayensu na nan. Kai in naka ya lalace wa zai riƙe shagon?"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi, da na fi jin daɗi. Sai kawai ya wanke almakashin, ya goge, ya mayar da shi wurinsa, ya ce in jawo ƙofa in zan fita.

Ya rufe shagon na tsawon lokaci. Ya riƙa zuwa gashi ba fashi, ba tare da kowa ya tuna masa ba. Raket ɗin duka ya zuba su a jaka ya tura ƙarƙashin gado. A hankali hannun ya dawo, ya buɗe shago, mai burodi ne ma ya fara zama a kujera. Na ce alhamdulillahi, na yi nasara.

Sai dai nasarar ba ta yi mini daɗi ba. Baba ya koma aski shiru, babu mai jin tarihin komai. In ƙarar ƙwallo ta tsallako katanga, sai ya ƙara muryar rediyo. A gida ya ci abinci ya tashi. Umma da kanta, wadda ta shekara talatin tana roƙon a bar zancen raket, ta ce mini gidan ya yi mata faɗi. Na ce ko ya gwada shuɗiyar a filin baya, ya ce ya gode. Na rasa inda zan sa kaina da mutumin nan.

Wata Asabar da yamma Umma ta kira ni a waya. "Maza ki je kulob ki ga ubanki. Jakar ba ta ƙarƙashin gado."

Na tafi ina tafasa, ina shirya maganganun da zan faɗa. Na duba fili na ɗaya, ba ya nan. Na duba filin baya, ba ya nan. Mai saƙa zare ya hango ni, ya nuna mini lungun da ake koya wa yara dukan bango, yana girgiza kai.

Can na same shi a layi, da furfurarsa, tsakanin 'yan makarantar firamare. Ya cusa hannun dama a aljihu. Raket ɗin ƙwararrun nan, mai nauyin, tana hannunsa na hagu. Ya jefa ƙwallo da ƙyar, ya kai mata duka, ya sami iska. Ya sake, ta bugi gefen raket ta haye katanga. Wata 'yar yarinya ta ce, "Kaka, ba haka ake riƙewa ba," ta gyara masa yatsu, shi kuma ya tsaya yana sauraro.

"Baba!" na ce. "Yanzu kuma na hagun za ka lalata? To ko da hagun ne, ba sai ka ɗauki marar nauyin ba?"

"Uwata, mai koyo ai da abin kirki ya kamata ya fara."

"Baba, don girman Allah..."

Ya share gumi da kafaɗa, bai ko ciro hannun daga aljihu ba. "Na daman na bar muku, ba zai ƙara taɓa raket ba. Wannan ba ya aski, ba ya ciyar da kowa. Ki bar mini shi."

Na ajiye jakata a ƙasa, na cire takalmi, na ɗauki kwandon ƙwallo.

"Matsa baya," na ce. "Ni zan jefo maka."