Gonar da Aka Hana Garma Shiga

Gari bai gama wayewa ba muka bar Catford, unguwarmu a London, ni da Baba da Kaka. A makaranta aka ce kowa ya ziyarci wurin tarihi, ni kuwa na zaɓi mafi nisa don in tsere wa wanke-wanke. Kaka ta ɗauro guzuri kamar za mu Jos a ƙafa: ƙosai, dambun nama, da kunun da zai ƙosar da cocinmu har da fasto.

Ba mu fita London ba ƙaninta ya kira daga gida. Ya sami mai tarakta, yana so ya nome kufan gidansu, inda aka haife ta, kafin ruwa ya sauka. Ita ce babba, izininta yake jira. Ta ce, "Bari in yi tunani," ta kife wayar.

A hanya mun tsaya shan shayi. Da Baba ya ji farashin sai ya tambaya ko har da kujerar aka sayar masa.

Muka isa. Jama'a, fili ne! Ciyawa, tumaki, iska. Na nemi gidajen mutanen zamanin da, har ƙarƙashin mota. Wata mata mai takalmin roba ta ce ai a kansu muke tsaye. Gidajen katako ne tun kafin a san rubutu, ginshiƙansu na kwance cikin laka, danshi ne ya hana su ruɓewa. In garma ta yi zurfi, sai ta farfasa su. In aka janye ruwan, sai su bushe su zama gari. Shi ya sa mai gonar ya daina nome ɓangaren, ya bar wa tumaki.

Na ce, "Kaka, duk wannan tafiya don mu gaida tumaki?"

"Rufe mini baki, ja'ira."

Sai ta cire takalmi, cikin sanyin da ya sa haƙorana kiɗa, ta fara takawa a hankali tana nuna mini ciyawa. "A namu gidan, nan ne ɗakin Inna. Nan rumbu. Nan murhun da ya ƙona ni. Dirkokin rumfar babanmu na ƙirya ne, gara ba ta cin su, na san suna nan a ƙasa." Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, amma sai da na kauce don kada in taka murhun.

Muna juyowa ta kira ƙanin nata. "Auta, ka nome ko'ina, amma daga tsamiya zuwa rijiya kada tarakta ta taɓa." Ya yi ta faɗa, ko ba waya za mu ji shi. Ta ce, "In yaran nan suka zo, a ina za su tsaya?" Can ya ce to.

Da yamma muka iso gida. Abin da na koyo shi ne, wani gidan ba ya ganuwa sai da mai nuna maka, tamu mai nunawar kuwa ta tsufa. Ko jaka ban ajiye ba na ce da Baba ya yi mana booking na jirgi, mu je ƙauyen Kaka a Disamba.