Kuncin Baba da Dutsen Tanda

Shekara arba'in Baba yana gina tandar burodi, ba a taɓa nuna wadda ta tsage an ce tasa ce ba. Da wannan suna ya riƙe gida, da shi ya kai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, jami'a ta karanci ilimin duwatsu.

Tun tana ƙarama take zama bayan gida tana kallonsa yana ware duwatsu. Baƙi mai nauyi na daɓen tanda ne, don yana shan wuta ya riƙe. Mara nauyi, mai huda-huda kamar soso, shi ne na bango. "Iskar da ke cikin ramukan nan ita ce bargon tanda," in ji shi, "ba ta barin zafi ya gudu." Amma ba ya ɗora ko ɗaya sai ya manna shi a kuncinsa, ya lumshe ido. In ya ji sanyi-sanyi, ya mayar da shi rana.

Inna takan leƙo ta ce, "Malam, ni ko rabin gatan duwatsun nan ban samu ba."

"Ke ai abin da ke cikinki a bakinki yake. Su ne masu ɓoyewa."

Bara, wata biyu da gama karatun Auta, ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta koma da ƙyar. Ga aikin mai burodin bakin kasuwa an riga an karɓa. Auta ta ce ita za ta tsaya kan magina. An yi ruwa a makon, amma duwatsun sun sha rana kwana biyu, kuma mai burodi ya hana ta sakat: "Injiniya, a taimaka, yarana a zaune suke!"

Aka kawo Baba a kujera ya ga aiki. Ya yi nuni a miƙo masa dutse, ya manna, ya girgiza kai. "Ru... wa."

Auta ta shafa, ta ji shi ƙamas. "Baba, kuncin nan naka ai ba ya ji yanzu."

Ta juya ta ce wa magina su ci gaba da ɗorawa.

Da hantsi aka hura wutar farko. Ruwan da ya maƙale a ramukan ya zama tururi, ya rasa mafita, bango ya tarwatse. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma kafin azahar duk kasuwa ana cewa tandar Baba ta fashe. Abin da ya fi cin ran Auta, wannan ta rubuta shi a jarrabawa, ta kuma ci.

Washegari ta tsaya ƙofar gidan burodin, ta ce a gaban kowa, "Baba ya hana. Ni ce ban ji ba."

Kwana tara suna sabon bango. Kowane dutse sai ta durƙusa ta kai shi kuncin Baba, sannan nata. In ya gyaɗa kai, a ɗora. Ita ce tandarsa ta ƙarshe, kuma tana nan tana gasa burodi, mutane na kiranta da sunansa.

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai Auta ta zabura. Tana manna dutse a kunci, amma ba kullum take jin abin da yake ji ba. In ta yi shakka, sai ta ƙara masa kwana uku a rana.