Ɓarawon Batir Yana Cikin But

Jama'a, yau na kama abin da ke shanye batirin motar maigidana!

Kun san tsohuwar motar nan, in ta kwana a ajiye sai da turi. Maƙwabta har ɓuya suke in ya fito da safe.

Ɗazu ina ɗauko barkono a but, na ji ƙwan fitilar ciki zafi zau! Na kunna bidiyo a wayata, na saka ciki, na rufe. Ina dubawa, wallahi fitila tar, ba ta mutu ba! Ashe tun da ya danna buhunan masara daga Bakori murfin ya lanƙwashe, ba ya danne makunnin da ke kashe ta.

Ya cire ƙwan, ya ce, "Maman Hafsa, kar ki gaya wa kowa."

Na ce, "Haba Alhaji!"

Shi ya sa ku kaɗai na gaya wa.