Reshe Ɗaya da Ya Rage wa Aduwar Fili

Ranar Alhamis ce, jajiberin sakin dabbobi, a shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Rana ba ta gama fitowa ba Baba ya miƙo mini gatari ya ce in biyo shi fili. Ina biye da shi, ƙotar gatarin tana bugun ƙwaurina, ina ta murna a raina yau dai ɗan itacena zai samu shinge. Muna wuce masallaci muka hango mutum zaune a gindin aduwa, ya jingina da ita. Baba ya rage tafiya. Iya ce, mahaifiyarsa. Ta shimfiɗa buzun sallarta, ta ajiye buta da 'yar ƙwaryar fura a gefe, alamar ba yanzu za ta tashi ba. A bayanmu kuma ga maƙwabta suna tafe, kowa da gatarinsa a kafaɗa. Ban taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar.

Garinmu yana ƙasar Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, inda itace mai inuwa ba abin wasa ba ne. A tsakiyar unguwarmu akwai fili, a filin kuma ba komai sai rairayi da wannan aduwa guda, wadda ko tsofaffi sun ce a tsaye suka tarar da ita. A gindinta muka girma. Mukan jefo 'ya'yanta da hoge, mu tsotsa har ɗacin ya kama mana maƙogwaro, mu tara ƙwallayen mu yi carabke da su. Matan Fulani nan suke sauke ƙoren nono su huta, Abzinawa nan suke durƙusar da raƙuma ranar kasuwa. In an yi rasuwa a unguwa kuwa, nan ake ajiye makara a yi sallah, saboda masallacinmu ƙarami ne. Nan aka sallaci kakana tun ban san kaina ba. Iya ba ta wucewa ta wurin sai ta rage murya, ita da ko a gidan biki muryarta ce a sama.

Da daminar shekarar nan majalisar gari ta ce za a mai da filin lambun shaƙatawa. Wakilin unguwarmu a majalisar, Malam Idi, mutum ne mai son aiki da son a ga ya yi aiki. Shi ya kawo dashen dogon yaro a amalanke, aka ba kowane gida guda. Sharaɗin mai sauƙi ne a baki: kowane gida ya shayar da nasa, ya yi masa shinge, wanda kuma ya bar nasa ya mutu mai shela zai kira sunan gidansu a kasuwa. A gidanmu ni aka ɗora wa shayarwa. Ruwa a garinmu ba ya isa a yi ɓarna da shi, don haka ruwan ɗaurayar kwanuka da na alwalar Baba nake tarawa a tsohuwar garwa, in kai da yamma bayan na gama surfe. Na ɗauki abin nan da zafi. Ko ganye ɗaya ya yi ja sai in kwana ina mita, har Iya ta sa mini suna uwar itace, tana cewa in na yi wa mijina rabin wannan hidima ya more.

Duk damina ba wanda ya tuna da shinge, domin awaki suna ɗaure a turke, manyan dabbobi suna daji da makiyaya, maza kuma suna gona. Sai da aka gama yankan gero aka kai dammuna rumbu, mai shela ya zaga ya ce bayan sallar Juma'a za a saki dabbobi. Nan fa hankalin kowa ya tashi. Shinge a wurinmu ƙaya ce, ƙaya kuwa ta yi nisa. Ta kusa da gari an daɗe da cinye ta, ta nesa sai da amalanke, ga malaman daji suna tare hanya suna kama mai ɗanyen itace. Amma ba wanda yake tsaron aduwar fili. Ta kowa ce, shi ya sa ba ta da mai magana. Wannan ya sari reshe ya ce ɗaya ai ba komai, wancan ya ce tunda wane ya sara ni ma ba zan zauna a kira sunana ba. Kullum in na fito da garwata sai in ga inuwa ta ragu, in ga wani dashen ya samu sabon shinge kore shar. Kafin Alhamis ɗin nan aduwa ta koma kututture da reshe guda, babba, wanda ya miƙa gabas.

Baba ya daɗe yana kauce wa abin. Ni ce na matsa, ina kuka ina cewa akuyar gidan Malam Idi kaɗai ta isa ta cinye ɗan itacena kafin la'asar, kuma 'yan ajinmu za su ji sunan gidanmu a bakin mai shela. Shi ma kunyar yake tsoro, shi ya sa muka fito da gatari.

Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar a ɗakinta ya same ta. Ya ce, “Iya, ki ɗan gusa, kada ƙaya ta zubo miki.” Ta ce, “Ta zubo. Nan aka sallaci ubanka, nan za a sallace ni. In ka sare wannan, a rana za ku ajiye ni?” Maƙwabtan da suka rage ba shinge sun kewaye mu, wani yana gyara riƙon gatari, wani yana cewa tsohuwa ba ita za a kira a kasuwa ba. Wani saurayi har ya dafa kututturen zai hau ta baya. Baba ya miƙe ya riƙe masa ƙafa, ya ce duk wanda ya jefo wa uwarsa ƙaya sai dai a raba su. Ina son shingen nan kamar raina, amma ga Iya zaune da carbinta a ƙarƙashin reshen. Na ɓoye gatarin a bayana, ban san ko ba shi zan yi ba in ya nema.

Aka kira Malam Idi, ya zo da sauri ba ko hula. Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na aduwar, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce wallahi su ba su ce a sare ta ba, shinge kawai suka ce a yi. Iya ta ce, “Da me, Idi? Da gashin kanku?” Ya ce gaskiya ne, ba su yi wannan tunani ba, shi ma kuma a jikinta ya sari nasa. Amma sakin dabbobi ba a hannunsa yake ba, makiyaya suna bakin gari, gobe gobe ce. Ko dai reshen ya tafi, ko dashen gidajen da suka rage su tafi. Rana tana ta hawa, inuwar reshen nan tana ƙanƙancewa a kan Iya, ba wanda ya matsa.

To, daminar ta kayar da bangon ɗakin Iya, tana kwana a bukkar kara a tsakar gida. Baba ya buga mata tubali a bakin tabki kafin ruwan ya ƙafe, an jera su a bayan gida ana jiran magini. Tabkin kuwa ya riga ya bushe, wani tubalin sai baɗi. Iya ta dubi Baba ta ce, “Ku kwaso tubalina ku kewaye 'ya'yan itacenku, ku bar mini wannan.” Baba ya ce sam, sanyi yana tafe, ga tarin da take fama da shi. Ta ce ɗakin nata ne ko nasa? Ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah, har muryarsa ta sauya. Ta ɗauki furarta ta kurɓa, ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga tubalin farko a ƙasa.

Ni na ɗauko shi a ka. Wunin ranar duk unguwa jigila muka yi, yara a ka, manya a amalanke, masu gatari suka jingine gatarinsu suka kama jeri. Ana ɗora tubali ana barin 'yan ƙofofi don iska ta shiga, har kewayen ya wuce inda akuya za ta miƙa wuya. Malam Idi ya naɗe hannun riga yana kwaɓa ƙasa da ragowar ruwan wanki. Da dabbobi suka shigo washegari, na tsaya ina kallon awaki suna zagaya ɗan itacena suna leƙe ta ƙofofin, ba su samu ko ganye ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Da na koma gida na ga gurbin tubalin fayau, sai murnar ta koma ciki.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Baba ya ƙara wa bukkar zana, muka riƙa kai mata garwashi a kasko, tarin dai bai sake ta ba. Duk da haka in na kawo mata kunu sai ta tambaye ni lafiyar ɗana, ko ya fara haƙori. Ta rasu da bazara, da hantsi, ana tsakiyar zafi. Baba ya ce kwananta ne ya ƙare, haka ne kuwa, amma na ga bai sake bi ta gurbin tubalin ba har damina. Mata ba sa zuwa jana'iza, sai na taka turmi na leƙa ta kan katanga. Maza sun yi sahu a rana tsantsa, ƙafafunsu suna ƙuna a rairayi. Inuwar reshen nan ba ta isa kowa ba sai makarar da liman.

Yanzu filin ya zama lambu na gaske. Dogon yaron nan sun haɗa kai sun rufe sama, an sa kujerun siminti, an jawo ruwan alwalar masallaci yana bi ta gindinsu. Ina cikin matan unguwa da ke zama da 'yan majalisa kan kula da shi, kuma an san ni da baki. Duk sa'ad da aka zo da maganar sabon dashe, ba na bari a haƙa rami sai an gaya mini da me za a yi shinge, daga ina kuma za a samo shi. Aduwa ta sake toho, ta karkata gabas, har yau nan ake ajiye makara. Yaran yanzu ba su san ta taɓa komawa reshe ɗaya ba, 'ya'yanta ma ba su dame su ba. Ɗakin Iya kuwa ba a taɓa gina shi ba. In na zauna a inuwar nan da yamma, nakan ji kamar a cikinsa nake.