Ranar Da Muka Ci Kofi Na Kusa Rasa Ƙafata

A wancan lokacin ni saurayi ne a Karare. Da damina ina gona tare da mahaifina, da an kai amfani gida kuma ba ni da aiki sai ƙwallo. Lamba tara nake bugawa, kuma ba yabon kai ba, in na ɗauko ƙwallo har dattawan da ke zaune kan babura miƙewa suke yi.

A wasan ƙarshe na wata gasa a Batsari muka haɗu da samarin Runka. Da hantsi aka buga, don kowa ya koma gida da wuri saboda halin da hanya take ciki. Ana dab da tashi wani ɗan bayansu ya kawo ƙafa, takalminsa ya sauka a ƙwaurina na hagu. Na faɗi, na tashi, na ci gaba, har Allah Ya ba ni sa'a na zura ƙwallon da ta ba mu kofi. Aka ɗaga ni sama, aka rako mu gida da ayarin babura. Daɗi ya hana ni jin komai.

Sai da na sauka na ji ƙafar kamar ba tawa ba. Mai ɗori ya ce babu karaya, kuma gaskiyarsa ce. Innata ta gasa min, muka ɗaure da tsumma tamau, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Ƙwaurin ya kumbura ya yi tauri kamar taɓarya, ƙafar ta fara mutuwa, da an motsa babban yatsana sai ihu. Da la'asar kocinmu ya zo dubiya. Yana taɓa wurin ya kwance tsumman, ya roƙi mahaifina a tafi Katsina yanzu, kada a kai gobe. Likita ya ce jini ne ya taru cikin naman, ya matse jijiyoyi, da mun kwana da wataƙila sai an yanke ƙafar. Nan take aka tsaga ƙwaurin gefe biyu, aka bar shi a buɗe wasu kwanaki kafin a ɗinke.

Ina kwance sai ga wanda ya taka ni, da ƙwaryar fura da nono, yana neman gafara har da hawaye. Na ce masa wasa ne, amma kofi dai yana Karare. Muka yi dariya har ɗinkina ya motsa. Ƙanwarsa ce ta dama furar, kuma yau ita ce uwar 'ya'yana. Ƙafa ta warke, na koma fili, alhamdu lillahi.

'Yan'uwana 'yan wasa, rashin karaya ba shi ne lafiya ba. In ƙafa ta yi tauri, zafin ya wuce girman bugun, kada ku ɗaure, kada ku jira gari ya waye, ku nufi asibiti. Ni na dawo da ƙafata har da mata, amma ba kowa ake yi wa wannan sa'ar ba.