Igiyar da Wana Ya Ƙi Saki

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Korgom. Sunana ba shi da amfani a nan, don ba abin alfahari a cikinsa. Mu biyu uwarmu ta bari, ni da wana Illa, kakarmu ce ta rene mu. Tsohuwar nan akwai ta da tatsuniya, kuma kusan kullum ta mai wayo ce da wawa: dila ya yaudari kura, kura ta sha kashi, dila ya tafi da nama. Ni dila nake so. In ta gama sai in nuna Illa in ce ga kurarmu nan zaune. Shi ko sai murmushi, don mutum ne mai nauyin baki, kafin ya haɗa magana ɗaya na yi goma. Kaka takan dungure mini kai ta ce, "Kai ɗan nan, rabin labari kake ji. Hankali ke gani, ido gululu ne." Jin ta kawai nake yi.

Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, na gudu, wai na fi malaman wayo. Na tafi Tasawa na kama kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja da moton wani, wato babur. Farkon ɓarnata akuya ce da na gani bakin hanya ba kowa kusa, na ɗaure ta bayan moto, ba wanda ya tambaye ni. Daga akuya sai raguna. Daga nan na haɗu da wani da muke kira Gatari, wanda ya ce sata a ɓoye aikin yara ce. Muka koma tare makiyaya in sun taso daga kasuwar Gidan Amumune, da adda da gora. Na taɓa dukan wani dattijo a baki har haƙoransa suka zube a ƙasa, yana tsintarsu yana salati, ni kuwa ina dariya. Wallahi har yau ina ganin fuskarsa.

Shi Illa yana gida yana noma. Akwai wani Bafulatani, Buba, daga wajen Isawan, da ke sauka gonarmu bayan girbi shanunsa su ci kara su bar mana taki. Ya ga halin Illa, sai ya ba shi karsana habbanaye. Al'adarsu ce: a ba ka saniya aro, ka kiwata har ta haihu uku, 'ya'yan naka ne, uwar kuwa ka mayar wa mai ita da ƙafarka. Da na zo gida na gan ta, na ja Illa gefe na ce ya sayar, in Buba ya tambaya ya ce maciji ya sare ta, wa zai tona? Ya dube ni ya ce ba tasa ba ce. Na ce da shi kura dai kura ce, ko an sa mata rawani.

Saniya ta haihu uku, ta yi ƙiba, ta zama abin kallo. Wata rana na leƙa gida, Kaka ta gaya mini Illa zai mayar da ita Isawan a ƙasa, shi kaɗai. Nan wayon nawa ya motsa. Na ce a raina Illa ko kaza bai taɓa yankawa ba sai ya kau da kai, in ya ga adda zai zubar da igiya ya ruga. Buba kuma ba zai ce ya biya abin da 'yan fashi suka ƙwace ba. Kowa ya huta ke nan. Har gani nake ban cuci kowa ba. Na kai wa Gatari labari.

Mun tare shi da rana tsaka a wani kwari mai sabara, mu uku, ni da Gatari da wani yaronsa, kowa ya naɗe fuska da rawani. Abin da ban sani ba, Illa ya naɗe igiyar saniyar a wuyan hannunsa na dama ya ƙulle. Gatari ya daka masa tsawa ya saki. Illa ya ce mu ɗauki rigarsa da takalmansa da guzurinsa, amma wannan ta mutane ce. Gatari ya mare shi da gefen adda, kuncinsa ya tsage. Bai saki ba. Tsoro ya kama ni, don na san Gatari, sai na shiga dukan wana da gora, ni da kaina, a baya, a gwiwa, a ka, wai don ya saki ya tsira. Ya faɗi, jini ya rufe masa ido, saniya na jansa cikin ƙaya, igiya na hannunsa. Gatari ya taka damtsensa ya ɗaga adda. Kafin in buɗe baki ya sauke ta. Saniya ta zabura ta yi arewa tana jan igiya, da hannun Illa a jikinta.

Illa ya ɗago kai, ya dube ni ta cikin rawanin nan, ya ce, "Ƙanena, tare ta, kada ta ɓace."

Ashe tun dukan farko ya gane ni.

Makiyayan da ke shayarwa a wata rijiya kusa suka ga saniyar da abin da take ja, suka biyo sawu. Su Gatari suka hau moto suka tsere, ni na tsaya a kan wana. Suka rufe ni da sanduna, suka karya mini haƙarƙari da ƙafar hagu. Wani ya zuƙo esansi, wato fetur, daga motona ya kwarara mini a ka, yana neman ashana. Illa ne ya rarrafo, an ɗaure masa dungu da rawanina, ya kwanta a kaina yana roƙonsu. Haka jandarmomi suka same mu.

Na yi shekaru a gidan kaso. Kaka ta rasu ina ciki, ban ga gawarta ba. A can na yi ta juya tatsuniyoyinta har na gano rabin da ban ji ba. A cikinsu duka, dila bai taɓa samun wanda ya ba shi ajiya ba, bai da aboki, bai da inda zai kwana biyu. Cin yau kawai gare shi. Na yi kuka, na roƙi Allah gafara, amma kunyar Illa ta fi ƙarfina.

Da aka sake ni na yi ta ɗingishi har gida, na tsaya bakin danga na kasa sallama. Garke na gani a inda da ba ko akuya. Ashe tun a wancan lokaci saniyar ta isa hannun Buba, shi kuma ya koro ta da kansa ya bar wa Illa har abada. Illa ya fito, ya ce in shigo rana na dukana, bai ta da zancen ba ko da kalma ɗaya. Washegari ya jawo wata karsana ja, jikar waccan, ya ce habbanaye ce, in ta haihu uku in maido uwar. Na ce, "Yaya, ni? Ni za ka ba amana?"

Ya ce, "Riƙe mana. Hannun ɗaya ne, ya gaji."

Samari, ku da ake yaba wa wayo a tasha da bakin kasuwa, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Kada ku ɗauki akuyar farko. In kun ga mutum ya ƙi cin amana, kada ku kira shi wawa, ku zauna kusa da shi ku koya. Karsanar nan ta haihu biyu yanzu. In na fita da ita kiwo, a wuyan hannuna nake naɗe igiyar.