Takardar da Ilu Ya Saurara

Matan da ke bin labaran Safinatu Ɗanzomo a waya ƙorafinsu ɗaya ne, wai ba ta da tausayi. Sai ta ja su shafi sittin saurayi na mutuwar so, ƙarshe ta kai amarya ɗaki ta bar ta da wanke-wanke da miji mai amsa magana da "uhm". In sun dame ta sai ta ce, "Abin da na gani nake rubutawa. Mai son zaƙi ta sayi alewa."

Abin da ta gani kuwa Ilu ne, dillalin awaki a kasuwar Maigatari. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Lokacin da yake zuwa zance ya taɓa yaba rubutunta, alhali a juye ya riƙe takardar. Ta yi dariya, ta aure shi.

Shekara goma sha ɗaya burinta bai wuce ya zauna ta karanta masa ko shafi ɗaya ba. Da ta buɗe littafi sai ya tuna akuya ba ta sha ruwa ba. Abin ya ci mata rai, har ta daina roƙo.

Wata Alhamis ya dawo daga kasuwa tun kafin la'asar, ya zauna bakin tabarmarta yana sosa ƙeya.

"Safinatu, ɗauko biro da takarda."

Murna ta kama ta, a zatonta yau rubutunta zai saurara. Ta yago shafi mai kyau daga tsakiyar littafinta.

"Zama ya ƙare," in ji shi. "In na kai wa malam ya rubuta, kafin magariba gari ya ɗauka. Ke ta gida ce, ki rufa mana asiri."

Ta rubuta sakinta da hannunta, saki ɗaya, da kwanan wata. Ta goga masa tawada a babban yatsa. Sai ya janye hannu, don dillali ba ya dangwala wa abin da bai ji ba.

"Karanta mini tukuna."

Ta karanta. Ya kasa kunne tun daga bisimilla har ƙarshe, ko tari bai yi ba, akuya na ta kuka a turke bai waiwaya ba. Da ta gama ya jinjina kai.

"Kai, Safinatu! Ashe dai kin iya rubutu."